Muhawarar zaure: su wane ne cima-zaune?

Sadiq Mai Waya: Salamu alaikum 'yan zaure. Tun safe ba wanda ya ce uffan, to ga magana. Ranar 8 ga Yulin 2025 Kotun Ƙolin Amurka ta ba Trump damar ci gaba da rage ma'aikata, bayan kwana uku ma'aikatar harkokin wajensu ta sallami mutum sama da 1,300 a rana guda. Ni dai wallahi abin ya burge ni. Elon Musk ya zo ya share cima-zaune, ya rufe USAID, hukumarsu ta tallafa wa ƙasashen waje, ya ceto wa ƙasarsu dala tiriliyan 2. Mu kuwa jiya na je wani ofis karɓar takarda, har ƙarfe sha ɗaya ba kowa sai masinja yana ɓare gyaɗa a kan teburin oga. Allah Ya ba mu irin Musk a ƙasar nan. Wanda ya ji haushi ya fito.

Baba Garba: Wa alaikumus salam. Sadiq, wa kake kira cima-zaune?

Sadiq Mai Waya: Baba, ba da ku nake ba, da na Amurka nake.

Baba Garba: Da mu kake. Ka fara da Amurka ka ƙare da masinja. Shekara 35 na yi ina aikin gwamnati, ƙarfe bakwai da rabi ina kan kujerata, kuma da wannan albashin aka biya wa wasu kuɗin makaranta da yanzu suke zagin ma'aikata a waya. Mahaifinka, Allah Ya ji ƙansa, akawu ne. Shi ma cima-zaune ne?

Sadiq Mai Waya: Haba Baba, me ya kawo maganar Abba a nan?

Yaya Nura (Maryland): Ku bari in gyara abu ɗaya kafin a yi nisa. Tiriliyan 2 ɗin nan alkawari ne Musk ya yi a taron kamfe a New York, watan Oktoba 2024. Daga baya ya sauko tiriliyan 1, a watan Afrilun 2025 kuma a zaman majalisar ministoci ya ce biliyan 150 yake sa ran samu. Gwamnatin tarayyar nan ta kashe wajen tiriliyan 6.7 a 2024, kuma albashin ma'aikatan farar hula, su sama da miliyan 2, bai fi kashi 5 cikin 100 na wannan kuɗin ba. Ko duka ka kore su ba ka kai ko kusa da tiriliyan ɗaya ba. Kuɗin yana wajen fanshon tsofaffi, da inshorar lafiya, da soja, da kuɗin ruwan bashi.

Injiniya Bash: Baba, a yi haƙuri, amma kalmar nan daidai take. Cima-zaune shi ne wanda yake karɓar albashi ba ya aiki. A watan Fabrairun 2025 saƙo ɗaya tak aka tura wa ma'aikatan Amurka, kowa ya rubuto abu biyar da ya yi makon jiya. Abu biyar fa! Sai kuka ya tashi ko'ina. Mai aiki tsakani da Allah me zai ba shi tsoro a nan?

Baba Garba: Kai ka rubuto mana abu biyar da ka yi makon jiya.

Hajiya Turai: Ni zan taya shi. Ya turo bidiyon roka sau uku, ya yabi Starlink, intanet ɗin Musk, sau biyu. Biyar ke nan cif.

Injiniya Bash: Hajiya, da Starlink ɗin nake muku magana yanzu daga ƙauye, inda layukanku ko sanda ɗaya ba sa kawowa. Mutumin da ya dawo da roka ta sauka da ƙafarta ba zai kasa gyara ofis ba.

Malam Tukur: A Hausar da na sani, cima-zaune shi ne wanda ake ciyarwa bai nema ba. Wanda aka ɗauka aiki da takarda, aka ba shi tebur, aka ƙi ba shi kayan aiki, sunansa wanda aka yi wa rashin adalci. Idan kuma zama ne laifin, Sadiq daga safe har dare a zaune yake a shago yana jiran mai cajin waya.

Sadiq Mai Waya: Malam, ni zamana da jarina nake yi. Ran da ban buɗe shago ba, ba mai turo min ko sisi ƙarshen wata.

Malam Tukur: To ka ce cima-zaune mai jari.

Yaya Nura (Maryland): Na ga ba wanda ya kula lissafin da na kawo. To ga abin da nake gani da idona. Unguwar da nake, gida bayan gida ma'aikatan tarayya ne, da yawansu baƙaƙen fata, wasu tsofaffin sojoji, don kusan kashi 30 cikin 100 na ma'aikatan nan tsofaffin sojoji ne. Waɗanda aka fara kora a Fabrairu su ne masu zaman gwaji, wato sababbin ɗauka da waɗanda aka yi wa ƙarin girma kwanan nan, don su ne doka ba ta kare sosai ba. Ba a duba wa yake aiki wa ba ya yi ba. Maƙwabciyata ta nuna min takardunta biyu a mota: ɗaya ta yabo daga shugabanta, ɗaya ta sallama mai cewa aikinta bai gamsar ba, tsakaninsu 'yan makonni. Har ma'aikatan hukumar da ke kula da makaman nukiliya aka kora, aka dawo ana neman lambobinsu a maido su. Haka aka yi da masu aikin murar tsuntsaye a ma'aikatar gona.

Injiniya Bash: Yaya Nura, kai ai ɗan Democrat ne, kowa ya sani.

Yaya Nura (Maryland): Ko ƙuri'a ba ni da ita, ƙanena. Kuma idan jam'iyya kake nema, Clinton ɗan Democrat ne, a zamaninsa aka rage ma'aikata kusan 400,000. Amma shekara bakwai aka ɗauka, da amincewar majalisa, ana biyan mutane suna ajiye aiki da kansu. Bai hau dandali da injin yankan itace yana ɗagawa sama ba, irin wanda Milei na Ajantina ya miƙa wa Musk.

Ustaz Abu Hanif: Ni duk wannan bai dame ni ba. Alhamdu lillahi da aka rufe USAID. Ɗan majalisarsu da kansa, Scott Perry, ya faɗa a Fabrairu cewa kuɗinta yana zuwa wa Boko Haram. Su ne manyan cima-zaune, suna yawo a fararen motoci da sunan taimako.

Maman Ilham: Ustaz, ka ji tsoron Allah. Perry faɗa kawai ya yi, bai kawo takarda ko ɗaya ba, kuma jakadansu a Abuja na lokacin, Richard Mills, ya fito ya ce babu hujja. Ni ina cikin waɗanda kake kira masu fararen motoci, sai dai ni a bayan a-kori-kura nake zuwa aiki. A wata cibiyar yara masu tamowa nake a Borno kafin kuɗi ya tsaya. Ka san ɗan tef ɗin nan mai launi uku da ake zagaya damtsen yaro da shi? Kore lafiya, rawaya a sa ido, ja kuma sai an ba shi abincin gyaɗar nan na cikin leda, kullum, har ya farfaɗo. Ranar ƙarshe da na yi aiki, uwa ta taho da ƙafa tun asuba, na auna yaron tef ya tsaya a ja, na juya sito ba ko kwali ɗaya. Na rubuta mata takarda zuwa wani asibiti da na san shi ma cike yake. A Yulin 2025 ƙungiyar likitocin agaji ta MSF ta ce yara 652 suka rasu da tamowa a cibiyoyinta na Katsina cikin wata shida na farkon shekarar. Hukumar abinci ta duniya ta ce tallafin mutum miliyan 1.3 a arewa maso gabas zai tsaya ƙarshen Yulin 2025. Kuma duk tallafin da Amurka take ba duniya wajen kashi 1 cikin 100 ne na kasafinta.

Ustaz Abu Hanif: Allah Ya ji ƙan yaran. Amma 'yar'uwa, wa ya ɗora wa Amurka ciyar da yaran Katsina? Ina gwamnoninmu?

Hajiya Turai: Yauwa, yanzu aka zo wurin. Cima-zaune na gaskiya suna Abuja. Ministoci sama da 40. A 2023 ana tsakiyar kukan cire tallafin mai aka saya wa 'yan majalisa manyan motoci. Rahoton Oronsaye na haɗe hukumomi tun 2012 yake ajiye, Tinubu ya ce a aiwatar a Fabrairun 2024, ku nuna min hukumar da ta ɓace. Sai ma ƙari da aka yi.

Alhaji Ɗanlami: Hajiya, kada a sako siyasa. Shekara sha shida ɗin da jam'iyyarku ta yi a mulki me ya hana ta aiwatarwa?

Hajiya Turai: Ni ba ni da jam'iyya, Alhaji, kai ne hoton shugaba yake bayan motarka.

Injiniya Bash: Ai mun taɓa samun namu Musk ɗin, kuka tsine masa. El-Rufai a 2017 ya ba malaman firamare jarrabawar 'yan aji huɗu, 21,780 suka faɗi, ya sallame su. Wannan ba gyara ba ne?

Malam Tukur: Kada ka taɓo wannan, Bash. Maki 75 aka sa a matsayin ci. Kai a jami'a maki nawa ka fita da shi? Kuma waɗanda aka ɗauka a madadinsu, ba a sake sallamar dubbai daga cikinsu ba?

Injiniya Bash: Malam, malamin da bai iya cin jarrabawar ɗalibinsa ba ko 90 aka sa ya kamata ya ci.

Malam Tukur: Zo ka riƙe aji mai yara 120 ba benci ba alli na wata ɗaya, sannan mu yi magana.

Baba Garba: Ku yara ne, ba ku ga 1975 ba. Janar Murtala, Allah Ya gafarta masa, ya kori ma'aikata sama da 10,000, ta rediyo mutum yake jin sunansa, nan take. Mun yi tafi a lokacin. Abin da ya biyo baya shi ne duk wanda ya tsira ya gane kujerar nan ba tabbas, sai kowa ya fara tara na gobe tun yau. A ganina daga nan cin hanci ya zauna da gindinsa a ofisoshi.

Alhaji Ɗanlami: Baba, a bar Murtala ya huta. Ba a taɓa shi a zauren nan.

Baba Garba: Ban zage shi ba, na faɗi abin da na gani. Kuma tun da ana maganar rediyo, Sadiq, gwaninka ne ya kashe min Muryar Amurka. Tun 1979 sashen Hausa yake. A watan Maris na kunna da safe na ji kiɗa kawai ba labarai, har na ce wa Hajiya ko juyin mulki aka yi a Washington. Su ma waɗannan 'yan jaridar da suke tashi tsakar dare su karanta mana labarai cima-zaune ne?

Sadiq Mai Waya: Baba, ai akwai BBC da DW da RFI.

Baba Garba: Ka ji shi.

Yaya Nura (Maryland): Abu na ƙarshe, zan fita aiki. Shafin da DOGE, hukumar rage kashe kuɗi da Musk ya jagoranta, take lissafa abin da ta ceto ya taɓa rubuta wata kwangila dala biliyan 8, ashe miliyan 8 ce. Musk ya bar aikin ƙarshen Mayu, a Yuni ya fito yana zagin dokar haraji da kashe kuɗi ta Trump, wadda aka sa wa hannu ranar 4 ga Yuli. Ofishin kasafi na majalisa ya ƙiyasta za ta ƙara giɓin sama da tiriliyan 3 cikin shekara goma. Bashin ƙasar ya haura tiriliyan 36. Shi Musk ɗin da kansa ya ce dokar tana rusa aikin da ya yi. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Injiniya Bash: Laifin 'yan siyasa ne, ba na Musk ba.

Hajiya Turai: Yaya Nura, tun da kana nan, kuɗin zumunci na wata huɗu fa? Masu dala ne kullum a ƙarshen layi.

Yaya Nura (Maryland): Hajiya, na tura ta hannun Sadiq tun kafin babbar salla.

Hajiya Turai: Sadiq?

Sadiq Mai Waya: Zan kira ki, Hajiya. Ba maganar zaure ba ce.

Malam Tukur: A'a, a yi ta a nan. Mai neman a binciki ma'aikatan Amurka ya rubuto mana abu biyar da ya yi da kuɗin zumunci.

Sadiq Mai Waya: Malam, wallahi ka kiyaye ni. Girmanka nake gani.

Alhaji Ɗanlami (shugaban zaure): Ya isa haka. Ga taƙaitawa ga waɗanda ba su bi ba. Sadiq ya kawo magana mai ma'ana kan yadda Amurka ta rage ma'aikata da kashe kuɗi, kuma akasarin 'yan zaure sun yarda cewa ko'ina a duniya akwai cima-zaune, gwamnati mai son ci gaba dole ta yi tankaɗe da rairaya ko da zafi, kamar yadda namu shugaban ya yi ƙarfin halin cire tallafin mai. Injiniya ya kawo hujjoji masu ƙarfi. Nura ya kawo wasu alƙaluma daga can, mun gode, sai dai kowa ya san jaridun da yake karantawa. Baba Garba da Malam Tukur sun yi magana a matsayinsu na ma'aikata, ana fahimtar su. Maman Ilham, Allah Ya ba ki wani aikin. Maganar kuɗin zumunci kwamiti zai zauna.

Maman Ilham: Alhaji, akasari su wa? Na ƙirga, ku huɗu ne, mu biyar. Kuma ni ba aiki na zo nema ba.

Alhaji Ɗanlami (shugaban zaure): An rufe zaure sai bayan sallar isha'i. Shugabanni kaɗai ke iya tura saƙo.