Kanari mai rawaya ko mai toka-toka, wanne zan saya wa Baba?

Ɗan Agege: Assalamu alaikum. Wani mai tsuntsaye ya kawo min kanari biyu, ɗaya mai rawaya a ƙirji, ɗaya toka-toka mai fari a saman wutsiya. Wai duk iri ɗaya ne. Baba nake so in saya wa, yana kewar kukansu na gida. Da gaske iri ɗaya ne? Akwai wanda ya kusa ƙarewa, kada in shiga haƙƙi?

Maman Biyu: Saya masa zakara, har asuba zai riƙa tada shi.

Na Idi-Araba: Ɗan'uwa ka yi hattara. Ni dubu 18 na biya har da keji. Na ba shi gero, na ba shi acca, ina sauya ruwa kullum, ko ƙis bai ce ba. Ashe mace aka sayar min, ita kuwa ba ta rera kuka irin na namiji. Na koma, mutumin ya rantse bai taɓa ganina ba. Allah ya isa!

Direban Mile 12: Dubu 18? An cuce ka. Dubu 5 na saya.

Na Idi-Araba: A wace shekarar?

Malamin Makaranta: Ba iri ɗaya ba ne, 'yan gida ɗaya ne. Da can masana sun haɗa su da kanarin Turawa a rukunin Serinus, daga baya binciken ƙwayoyin halitta ya mai da su Crithagra. Mai toka-tokan ɗan yankin Sahel ne, mai rawayan ya bazu a yawancin Afirka kudu da Sahara. IUCN, ƙungiyar duniya mai kare halittu, ba ta sa ko ɗaya cikin masu fuskantar barazanar ƙarewa ba. Aku mai toka-toka da jan wutsiya ne ke cikin haɗari, tun 2017 aka hana fataucin wanda aka kamo a daji tsakanin ƙasashe.

Direban Mile 12: Malam, da girmamawa, ka taɓa kiwon tsuntsu? Littafi daban, keji daban.

Hajiya Obalende: Ƙyale Malam, shi kaɗai ya amsa tambayar. Ni abin da ke ci min rai yadda ake lodo su daga Arewa, cunkushe a keji ɗaya kan buhunan albasa, ba ruwa, rana na dukansu. Na ga ana zubar da matattu a bakin kwata.

Direban Mile 12: Hajiya, ba mu ke loda su ba, 'yan kamasho ne.

Ɗan Agege: To yaya zan gane namiji?