Ciwon kaji Samir ya share mini akurki: ku da kuka sake tashi, yaya kuka yi?

Uwar yara, Gadarif:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Kaji 34 nake da su, duk baladi, wato kajin gida, daga dakwale biyu da zakara ɗaya na tara su cikin shekara biyu. Na sayo wani jan zakara a kasuwa don in canza iri, ina isowa gida na sake shi cikinsu. Kwana biyar tsakani na ga wata sagara ta takure a gindin katanga, fukafukai a sake, tana kashi kore, tana buɗe baki kamar mai neman iska. Yau saura bakwai, ɗaya ma wuyanta ya murɗe tana kallon sama. Da kuɗin kajin nan nake sayen sabulu da littattafan yara. Jikina ya mutu, don Allah wanda ya taɓa shiga wannan hali ya ba ni labari.

Inna, Mai Wurno:
Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya mayar miki da alheri. Sau uku Samir na shiga gidana. Na farko na jiƙa musu barkono da tafarnuwa, na biyu na sayi ƙwayoyin mutane na narka a ruwa, duk a banza, kuɗina kawai na ƙara zubarwa. Sai wani ma'aikacin dabbobi ya zaunar da ni ya ce cutar nan da suke kira Niyukasil ba ta da magani in ta kama, rigakafi ne kaɗai. Ɗigo ɗaya a ido, kowace kaza har 'yan tsaki, a maimaita bayan wata uku zuwa huɗu. Kwalbar ta fi ƙarfin gida ɗaya, kuma da an haɗa ta da ruwa ba ta kwana, shi ya sa mu gida tara a unguwa muke haɗa kuɗi. A sa rana, a kulle kaji tun dare, da sassafe jikokina su bi gida-gida da kwalbar a cikin ƙanƙara. Bakwai ɗin nan ki riƙe su da kyau, waɗanda suka tsallake su ne irinki. Matattun kuwa ki binne su da zurfi, kada ki jefa a bola kare ya ja wa maƙwabta.

Ɗan tireda, Kassala:
Yaya, sabuwar kaza ba ta shiga cikin nawa sai ta yi mako biyu ita kaɗai a keji, can bayan ɗakin girki. Har wadda na kai kasuwa ba ta sayu ba, in ta dawo sai ta yi wannan zaman.

Baba, Damazin:
Zan faɗi abin da har yau yake damuna. Shekarar da cutar ta shiga mini, da na ga biyu sun faɗi sai na kwashe sauran na kai kasuwa da asuba, tun suna da kyan gani. Na karɓi kuɗina na dawo. Wata tsohuwa ce ta sayi uku, ta ce kiwo za ta yi. Na san abin da na ba ta, ban ce mata komai ba. Wataƙila zakaran da ya shiga gidanki, ƙanwata, daga hannun irina ya fito. Na yi istigfari, kuma tun daga nan in ciwo ya ɓulla ƙofata a rufe take, ko ƙwai ba ya fita.

Matar aure, Gadarif:
Yaya, gari ɗaya muke, ki sake farawa. Tun da yaƙi ya ɓarke a nan Sudan a Afrilun 2023 mutanen Khartum suka cika garin nan, kazar baladi ba ta kwantai. Ni ko kasuwa ba na zuwa, masu jego da masu suna har gida suke biyo ni, wasu su turo kuɗi ta Bankak, manhajar banki ta waya. Dakwalwa ɗaya nake sa wa ƙwai goma ko sha biyu, kwana 21 ta ƙyanƙyashe. Inda nake asara shi ne makonnin farko, shirwa da muzuru, don haka ina kife tsakin da uwarsu a babban kwando har su yi gashi. Abinci kuwa ɓarzajjiyar fatarita, wato wata irin dawa, da dusa da ɗan ambaz, wato tunkuza, in yara sun samo gara a ƙara musu. A bar su su kai wata biyar ko shida kafin a sayar, a daidaita da azumi.

Uwar yara, Gadarif:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Baba, Allah ya yafe mana baki ɗaya. Yanzu na ƙone tsohon shimfiɗin akurkin na wanke kwanukan ruwa. Inna, mu a layinmu gida biyar ne masu kaji, gobe bayan la'asar zan zaga in ji ra'ayinsu. Waɗannan bakwai da suka rage, su ma a ɗiga musu yanzu, ko in jira mai murɗaɗɗen wuyan ta nuna inda ta dosa?