Na'urar birkin tirela a Tundra: wacce zan saya, a ina zan ɗaura ta?

Baban Khadija:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina Houston, ina ɗauko motocin gwanjo ina kai su tashar jirgin ruwa a tura Legas. Na sayi tirela mai taya huɗu da birkin lantarki, zan riƙa janta da Toyota Tundra 2012. Jiya na ɗora Camry, da na taka birki a danja sai na ji tirelar tana ingizo ni. Soket mai baki bakwai yana nan a bayan motar, fitilu duk suna kamawa. Na'urar sarrafa birkin ce babu. Wacce za ku ba ni shawara?

Rewaya Dallas:
Wa alaikumus salam Alhaji. Don Allah kada ka sake ɗora mota sai ka saka ta. A Texas, tirelar da nauyinta da kaya ya haura laba 4,500 dole birkinta ya yi aiki, taka kuwa da Camry a kai ta wuce nan.

Na'urar iri biyu ce. Mai arahar, kana taka birki take tura wuta gwargwadon yadda ka saita, ko a hankali ka taka ko da ƙarfi, shi ya sa take fizga a cunkoso. Ɗayar tana jin yadda motar ke rage gudu, ta ba tirela birki daidai da haka. Ita nake saka wa mutane, Tekonsha Prodigy P3. Leƙa ƙarƙashin dashbod ta gefen direba, akwai filogin da kamfani ya bari. Sayi wayar da aka yi don Tundra ka jona, ba sai ka yanka komai ba.

Baban Khadija:
Na gode Malam. Wajen ɗaurawa fa? Ina so in manna ta ƙasan sitiyari.

Rewaya Dallas:
A'a, jakar iskar gwiwa tana wurin, in ta fashe za ta harbo maka na'urar. Matsa da ita dama, inda hannunka zai kai ba tare da ka sauke ido daga titi ba. A ɗaure ta da sukuru, ba gam ba, ta miƙe daidai da inda mota ta dosa, kada ta karkace hagu ko dama, don abin da ke auna gudun yana cikinta.

Hajiya Umma:
Ƙanena, ni tirelar abinci nake ja, kuma saiti ne abin da mutane ke wasa da shi. Samu fili busasshe, ka yi gudun mil 25 a awa, ka ja ɗan hannun da ke jikin na'urar ba tare da taka birki ba. In tayoyin tirela suka kulle suna ƙara, rage. In ba ka ji ta riƙe ka ba, ƙara. Saitin da ka yi da mota a kai ya yi wa tirela fanko yawa, zai cinye maka taya a hanyar dawowa. Ka kuma duba ƙaramin batirin da ke gaban tirelar, shi ke kama birki in ta ɓalle.

Baban Khadija:
Allah ya saka da alheri, Hajiya. Batirin nan na gwada shi yanzu, ba caji ko kaɗan. Shi ma zan canza kafin Asabar.