"Extremism": tsattsauran ra'ayi ne ko zaƙewa?

1/ Jama'a, ina neman taimakonku a kan kalma guda. In Bature ya ce "extremist", sai masu fassarar labarai su ce mai tsattsauran ra'ayi. In ya ce "fundamentalist", shi ma mai tsattsauran ra'ayi. "Hardliner" ma haka. Kayan jakuna uku muka ɗora wa jaki ɗaya, ga shi nan ya fara gurfana.

2/ Tsauri shi kaɗai ai ba ta'addanci ba ne. Kowace unguwa akwai dattijon da ba ya sauraron kiɗa, wandonsa bai taɓa rufe idon sawu ba, in ka yi latti a sahu sai ya harare ka. Ra'ayinsa tsattsaura ne, amma ko mari bai taɓa kai wa wani ba. Ta yaya za mu haɗa shi suna ɗaya da mai dasa bam a tashar mota?

3/ Ku duba Hawarijawa, don a nan na ga bakin zaren. A shekarar 657 miladiyya, bayan yaƙin Siffin, Sayyidina Ali da Mu'awiya suka yarda a naɗa mutum biyu su raba gardama, Abu Musa al-Ash'ari da Amr ɗan al-As. Sai wasu suka ɓalle daga rundunar Ali suna cewa babu hukunci sai na Allah, suka tare a Harura kusa da Kufa. Mutane ne masu yawan salla da tilawa, ba wanda ya taɓa zarginsu da sakaci a ibada. Abin da ya raba su da jama'a mataki biyu ne: suka ce mai babban zunubi ya kafirta, sannan suka ce jininsa ya halatta. Aka gwabza da su a Nahrawan a 658, a 661 kuma ɗaya daga cikinsu, Ibn Muljam, ya sari Ali a masallacin Kufa da asuba, cikin watan azumi. Wannan ya wuce tsauri. Ƙetare layi ne.

4/ "Fundamentalist" kuwa ba ma daga Musulmi ta samo asali ba. Tsakanin 1910 da 1915 wasu Kiristocin Furotesta a Amurka suka wallafa jerin maƙalu 90 na kare tushen aƙidarsu, daga nan sunan ya bi su. Alƙalami suka ɗauka, ba takobi ba. Waɗannan ni 'yan komawa tushe zan kira su, mu wuce.

5/ Wani malaminmu ya tsoma baki, ya ce me muke wahalar nema, ga kalmar Larabci "guluwwi", wato wuce iyaka, nan tun da can. Allah gafarta Malam, gaskiyarka. Tana cikin suratun Nisa'i aya ta 171, tana kuma cikin hadisin Ibn Abbas, inda Manzon Allah (SAW) ya nuna ƙananan tsakuwoyin jifa a hajjin ban kwana ya yi gargaɗi a kan guluwwi a addini. Ma'anarta ta dace tsaf. Sai dai a zauren karatu take zaune. Ka faɗe ta a labaran ƙarfe bakwai, mai shayi zai tambayi na kusa da shi me aka ce. Ga kuma wani abu: in za a ba da labarin 'yan Buda a Myanmar ko 'yan Hindu a Indiya, kalmar za ta yi kamar an ara musu rawani.

6/ Shi ya sa na karkata ga "zaƙewa". Tamu ce, ba aro ba. Uwa takan ce wa ɗanta ka zaƙe, ƙawa takan ce wa ƙawarta kin cika zaƙewa, kowa ya san an wuce gona da iri. Kuma tana nuna cewa abin ya faro daga wuri mai kyau kafin ya zarce, wanda shi ne labarin Harura gaba ɗaya. Tana shiga siyasa, tana shiga ƙabilanci, ba ta zaɓar addini.

7/ Wata 'yar'uwa ta ce to duk wanda ya ɗaga tutar addini ya fita yaƙi sai mu ce ya zaƙe? A'a, Hajiya. A 1095 Fafaroma Urban na Biyu ya yi shelar a je a ƙwato Ƙudus, aka kuma ci birnin a 1099 da kisa mai yawa. Amma rundunar Kiristocin da ta tashi irin wannan yaƙi a karo na huɗu, bashin kuɗin jiragen ruwa ne ya shaƙe ta a hannun mutanen birnin Benis da ke Italiya a yau, ta ƙare da wawashe Kustantiniyya (Istanbul ta yau) a 1204, birnin Kiristoci 'yan'uwanta. Wannan sunansa kwaɗayin ganima, kada mu ba shi suna mai daraja.

8/ Mutanenmu ma ba su jira ƙamus ba. Da Muhammadu Marwa ya addabi Kano har rikicin Disamban 1980 ya ci sama da mutum 4,000, daga bakinsa suka ciro masa suna, Maitatsine, don yawan tsinuwarsa ga wanda bai bi shi ba. Aikin suka duba.

9/ Ga inda na tsaya: "extremism" zaƙewa, a rubutun malamai guluwwi. Tsattsauran ra'ayi mu bar wa "hardliner". In zaƙewar ta kai ga makami, mu faɗe ta ƙarara, masu halatta jini. Saura sunan mutum ɗaya: "mazaƙi" na gwada, sai na ji kamar ana tallan rake, don haka na bar shi a mai zaƙewa har wani ya kawo wadda ta fi.