Binciken sinadarai ta hanyar haske: in ci gaba da karatu ko in kama aiki?

Ɗalibar Jidda:
Assalamu alaikum. Na kammala digirin farko a kimiyyar sinadarai a Jami'ar Sarki Abdul'aziz, kuma hankalina ya karkata ga yadda ake gano abin da ke cikin ruwa ko gari ta hanyar haska shi, musamman a tankunan da ake renon ƙwayoyin halitta domin haɗa magani. Mahaifina ya fi son in nemi aiki a ɗakin gwaji. Shin fannin yana da makoma ga baƙuwa mai zama da igama, wato takardar izinin zama a Saudiyya?

Malami daga Dammam:
Wa alaikumus salam, 'yata. Fannin yana da makoma, domin a da sai an ɗebi samfuri daga tanki an kai ɗakin gwaji ana jiran sakamako, alhali ƙwayoyin suna ta cinye sukari suna fitar da sinadarin laktet, ba sa jiran kowa. Yanzu ana zura sandar leza a cikin tankin, hasken da ya dawo ya nuna yawan sukarin nan take. Hanyar Raman ke nan, wadda masanin Indiya C. V. Raman ya gano tushenta a 1928. An fi son ta a wannan aiki saboda ruwa ba ya rufe siginarta kamar yadda yake yi wa hasken infared. Tun da hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta fitar da ƙa'idar sa ido kan sarrafawa a 2004, kamfanoni suke neman masu wannan ilimi. Amma kunna na'ura kowa zai iya. Abin da zai ɗaga darajarki shi ne lissafin da ke mayar da zanen haske zuwa adadi, don haka ki dage da ƙididdiga da Python, wato harshen rubuta manhajar kwamfuta.

Ma'aikaciyar gwaji a Riyad:
Malam ya yi gaskiya, sai dai, ƙanwata, kada ki raina shawarar Baba. Lissafin nan da sakamakon HPLC, wato na'urar da ke rarrabe sinadarai a ɗakin gwaji tana auna yawansu, ake daidaita shi, kuma wanda bai taɓa haɗa ruwan gwaji da hannunsa ba zai yi wuya ya gane inda kuskure ya shigo. Ki kuma sani cewa tsarin fifita 'yan ƙasa yana taƙaita guraben baƙi.

Ɗalibi a Suwal:
Ki gwada KAUST, wato Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Sarki Abdullah, wadda aka buɗe a 2009 a nan Suwal, arewa da Jidda. Tana karɓar baƙi, tana ba da masauki da alawus, amma da Turanci ake karatu, sai ki fara shirin jarrabawar Turanci ta IELTS tun yanzu.