Jirgin ATR 72: shin farfela ce matsalarsa?

Ɗalibi: Malamai, ina yawan jin sunan ATR 72 a labarin hatsari. Laifin ƙirarsa ne, ko tsoron farfela ne kawai?

Makanike: Ɗan'uwa, farfela ba alamar tsufa ba ce. Jirgin haɗin gwiwar Faransa da Italiya ne, ya fara tashi a 1988, kamfanin Finnair na ƙasar Finland ya fara aiki da shi a 1989. Yana ɗaukar mutum wajen 70, ba ya shan mai sosai a gajeren zango, shi ya sa kamfanoni ke son sa.

Matuƙi: Babban abokin gabarsa ƙanƙara ce, don yana shawagi a tsayin da ta fi taruwa. A gaban fiffikensa akwai roba mai kumbura tana farfasa ta. A hatsarin Roselawn na Amurka a 1994, ƙanƙarar ta daskare a bayan robar, inda ba ta kaiwa, ta ɓata tafiyar iska, jirgin ya kife, mutum 68 suka rasu. Daga baya aka faɗaɗa robar. A ƙanƙara mai tsanani sai a kashe na'urar da ke tuƙa jirgin da kanta, a ƙara gudu, a bar wurin nan take.

Injiniya: Haka ne, Malam, amma ba duk hatsarin ne laifin ƙanƙara ba. A Taipei ta Taiwan a 2015 inji ɗaya ya samu matsala, matuƙi ya kashe lafiyayyen. A Pokhara ta Nepal a 2023 kuwa, maimakon sandar filap (ɓangaren bayan fiffike da ake saukewa lokacin sauka) aka ja ta farfela, farfelolin biyu suka daina jan jirgin. Wannan maganar horo ce.