Musayar Waƙa: A-kori-kura da Tankar Gaddafi

Ɗan Damagaram:
Salamu alaikum 'yan zaure. Yau na zo da yaƙin Chadi da Libiya na 1987, wanda ake kira Yaƙin Toyota, tsakanin Gaddafi da Habre, shugaban Chadi na lokacin. Ƙwar biyu za mu yi, amsa-amo "ya". Wanda ya karya shi zai sayi goron zaure.

Da sunan Allah na ɗau alƙalami,
Na zo gun masana da tambaya.

Gaddafi na da tanka da jirage,
Kuɗin fetur sun cika Libiya.

Habre kuwa sai 'yan a-kori-kura,
Da samarin da suka saba wuya.

Ran 2 ga Janairu aka gwabza a garin Fada,
Tankar Libiya 90 ta ƙone har da ɗoriya.

To me ya kayar da mai ƙarfe,
Ya bar mai ƙura da dariya?

Jikar Mai Raƙumi:
Ƙanena, ka zo gidan amsa. Mu da muka tashi a Agadas mun san mutanen nan.

Tubawa da Zagawa tun kakanni,
A kan raƙumi suke hari da safiya.

Su faɗo ta gefe kamar guguwa,
Kafin ka ɗau makami sun juya.

Toyota ta zo ta gaji raƙumi,
Tsohon salo ne ya sauya kaya.

Tauraro ne taswirarsu da dare,
Sun san dutse, sun san rijiya.

Ɗan'uwa na dama, ɗan baffa na hagu,
Wa zai gudu ya koma da kunya?

Jagoran hari a gaba yake tafe,
Abin gori ne ya tsaya a baya.

Tsohon Kofur:
Hajiya, baitinki ya yi daɗi, amma kin ɓoye Faransa a bayan zani.

Faransa ta ba su makamin Milan,
Mai fasa tanka da harbi ɗaya.

Jiragenta sun doki sansanin Libiya na Wadi Dum,
Radar ta makance tun kan a shirya.

Da jarumta kaɗai tana isa,
A Burmi, 1903, ba mu sha wuya.

Attahiru da jama'a ba su tsere ba,
Bindigar Nasara ba ta jin magiya.

Malam Na-Tsangaya:
Kofur, ka yi gaskiya rabi. In makami ne, ai na Libiya ya fi yawa nesa ba kusa ba. Ku leƙa cikin barikinsu.

Gaddafi da juyin mulki ya hau,
A 1969, bai manta da hanya.

Sai ya ji tsoron sojan kansa,
Ya fi son biyayya a kan iya.

Hafsa bai motsi sai an ce masa,
Kuskure ɗaya, igiya a wuya.

Ƙaramin soja ya ga ƙura ta taso,
Yana jiran izini ta waya.

'Yan tawayen Chadi na Gukuni, idanunsu a hamada,
A 1986 suka juya musu baya.

Ran da Wadi Dum ta faɗi a Maris,
Kanar Haftar na Libiya ya shiga hannun maƙiya.

Suka bar garin Faya ba a ko kore su ba,
Ga makamai zube kamar shanya.

Jikar Mai Raƙumi:
Malam ya gyara mini zance. Kofur, na karɓi Milan ɗinka, sai dai:

Milan ba ta tuƙa mota da kanta,
Sai mai zuciya ya matsa kusa, ya tsaya.

A Satumba kwamandan Chadi Hasan Jamus ya ƙetara,
Ya ƙone sansanin Matan Sara a cikin Libiya.

Tsohon Kofur:
Na ji, na yarda. Amma Auzu fa, ta kan iyakar ƙasashen biyu, wadda aka yi rigimar dominta?

'Yan Chadi sun ci ta a Agusta, Libiya ta ƙwace ta,
Sai 1994 kotun duniya ta yi musu biya.

Ɗan Damagaram:
Kofur, baitinka na ƙarshe ya yi ɗingishi, amma amsa-amo ya tsira, ba ka da goro. Malam, cutar da ka gani a Tarabulus ai ta bi iska ta sauka Njamena:

Habre ya ga yaransa sun yi suna,
Sai zargi ya shige masa zuciya.

A 1989 ya ce sun ƙulla masa,
Jamus ya mutu a hannun da ya raya.

Idris Debi ya sha da ƙyar,
Ya faɗa Sudan ya sake shirya.

Disambar 1990 ga shi a Toyota,
Habre ya bar gari ba ko waiwaya.